Barcin Mugli a Ɗakin Baƙi

A tafkin Dal, idan ka ji an ce wane yana da jirgin gida, kada ka yi saurin yi masa murna. Jirgin nasa ne wajen goge-goge da toshe yoyo, amma barcin da ake yi a ciki na baƙi ne. Mai jirgi da iyalinsa suna can baya, a wani ɗan jirgin girki mai rufin kwano da aka ɗaure a gindin babban. Nan suke dafawa, nan suke haihuwa, nan ake yi musu wankan gawa. Inuwar giginya ce, na nesa ka sha ta. Haka muka taso muka tarar, mu mutanen ruwa, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba.

Mugli ba 'yar masu jirgin gida ba ce. Ubanta yana can cikin lungunan tafki, yana ciro saiwar bado yana kai wa kasuwa. Don haka ranar da aka ce Lassa na gidan Kotru ne ke nemanta, danginta suka ce ta haye tudun mun tsira, ko da yake a ruwa babu tudu. Gidan Kotru su ne masu Sabon Dawisu, jirgi mai falo da ɗaki uku, duka na katakon dewdar, irin wanda ƙamshinsa ke bin tufafin mutum har gida. Kakan Lassa ne ya sa aka gina shi, an ce sassaƙar silin falon kaɗai ta cinye wa masassaƙi damina da rani.

Washegarin tarewarta, uwar mijinta Taja ta ja ta suka tsallaka ɗan katakon da ya haɗa jirgin girki da babban jirgi. Ta nuna mata darduma, ta nuna mata labule, ta kai ta ɗakin farko na kusa da falo, inda aka kafa wani gado mai faɗi kamar a yi shanya a kai. Mugli ta miƙa hannu za ta shafa bargon, Taja ta buge hannun.

"Da tsintsiya ake shigowa nan, da tsintsiya ake fita," in ji Taja. "Ni da kike gani na tsufa a bayan jirgin nan, ban taɓa ɗora ƙuguna a kan gadon can ba. Baƙo yana jin warin mai gida a matashi ko an wanke. In ya ji, ya tafi ke nan, kuma sai ya gaya wa wani. Jirgin nan shi ne shinkafarki, 'yar nan. Ba a zama a kan shinkafa."

"To, Moji," in ji Mugli, don haka muke kiran uwa a nan, ta mayar da hannunta cikin riga.

Wutar lantarki daga gaɓa take zuwa mana, a kan wata baƙar waya da aka rataya bisa turakun da aka kafa cikin laka. Kowane jirgi a jeri yana ɗaura tasa wayar ya ja. Sabon Dawisu shi ne na ƙarshe, sai abin da sauran suka rage ne ke isowa gare shi. Da rani ba laifi. Amma da arba'in ɗin sanyi ta kama, wato kwana arba'in ɗin nan na tsakiyar hunturu, kowa a gari da kan ruwa ya jona hita, sai ƙwan fitila ya koma ja kamar garwashin da ke shirin mutuwa. Saja, matar mai jirgin da ke maƙwabtaka da su, takan ce sai ta kunna kyandir take gane ko ƙwanta a kunne yake.

Maganin da kowa ya samo shi ne akwati. Lassa ya sayo nasu a cikin gari, baƙin ƙarfe mai nauyin tunkiya, da allura a bayan gilashi da wani kunne da ake murɗawa. In wuta ta yi rauni, ka murɗa kunnen sama, akwatin ya yi gurnani ya ƙara mata ƙarfi. Sai dai akwati ba shi da hankali. Abin da aka ce ya ƙara shi zai yi ta ƙarawa, ko da wutar gaɓa ta dawo da cikakken ƙarfinta. Idan maƙwabta suka kashe hitocinsu wuta ta yi tsalle, kunnen kuma yana sama, to duk abin da ke jone a jirgi zai sha fiye da cikinsa. Dole a samu mai zama kusa da shi, ya saukar da kunnen kafin allura ta taɓa jan layi.

Maza suna bakin gaɓa suna farautar baƙi, Taja kuma idonta ya yi rauni. Aka ajiye akwatin a jirgin girki dab da murhu, tunda dama akwai wadda ba ta motsawa daga wurin. Ba wanda ya zaunar da Mugli ya ce ga aikinki. Ajiye shi kawai aka yi a gefenta, magana ta ƙare.

Ta koya da wuya. A hunturun farko ta sha'afa tana ɗiban ruwa, ƙwan falo ya fashe a kan wani baƙo yana cin abinci, Taja ta yi mako guda tana yi mata gorin 'yar masu bado. Daga nan ta daina dogara da ido, ta koma sauraro. Tana iya juya baya tana yanka ganyen miya, da ta ji gurnanin ya sirance sai hannunta na hagu ya tafi da kansa. Ta san lokutan da wuta ke tsalle, kuma mafi muni a cikinsu ita ce Juma'a. Da an kira sallah, gari guda ke kashe hita a ja ƙofa a nufi masallacin Hazratbal, kafin ka ce kwabo allura ta zabura. Ladan yana kiran jama'a zuwa masallaci, ita kuma yana kiranta zuwa kunnen akwati.

Akwai kuma fis, cikin wani ɗan farin tangaran da aka kafe a bayan babban jirgi, daidai inda waya ke shiga katako. Abin da ke cikinsa siririyar waya ce kamar gashin kai.

"Wannan abin fansa ne," in ji Lassa ranar da ya nuna mata. "In kaya suka yi wa waya yawa, shi zai ƙone jirgi ya tsira. Kada ki ji haushinsa."

Ta ji haushinsa kuwa, don ita ce ke fita cikin dusar ƙanƙara, ta tsallaka katako mai santsi, ta ɗaura sabuwa da yatsun da sanyi ya hana lanƙwasuwa.

Haka shekaru suka yi ta wucewa ta gaban tagar jirgin girki. Bikin ƙanwarta da hunturu aka yi, akwai baƙi a jirgi, ba ta je ba. Zaman makokin yayanta ta leƙa ne a tsaye ta dawo. Saja tana da 'ya'ya mata da ke karɓa-karɓa a gaban nasu akwatin, ita kuwa Mugli ɗa ɗaya ta haifa, Irshad, kuma ba a zaunar da ɗa namiji a gindin murhu. Ranar Juma'a Saja takan tuƙo shikara, ƙaramin kwalekwalen da muke zirga-zirga da shi, ta tsaya a bakin tagar.

"Ke amaryar ƙarfe, yau ma angon bai ba da izini ba?"

"Tun safe yake gurnani, kin san halinsa."

"Lassa dai ya yi asarar sadaki. Shi ya biya, wani ke morewa."

"Wuce, bakinki kamar na mai tallar kifi. Ki sa ni a addu'a, ki taho mini da gurasa mai riɗi."

Suna dariya, amma idan shikarar ta ɓace a bayan ciyayi Mugli takan daɗe tana kallon wurin. Tana son zuwa, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai aka shiga shekarun da baƙi suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Jirage suka yi jeri babu kowa a ciki, ana sayar da darduma ana sayen shinkafa. Za ka zaci a lokacin ne gidan Kotru za su ce tunda ba baƙo bari mu kwana a ɗakinmu. Ina. Mugli takan shiga da tsintsiya, ta shanya barguna, ta ninke, ta kulle, su koma su cunkushe a bayan jirgi. A nan Taja ta rasu. A nan Lassa ya yi jinyar ƙirjinsa, iska na shigowa ta tsagar katako, alhali ga gado can taku kaɗan. Ya rasu bai nema ba, ita ma ba ta yi masa tayi ba. A cikin shekarun nan ne kuma hukuma ta ce jiragenmu ne ke ɓata tafki, ta hana gina sabo. Wanda ya nutse ya nutse, wanda ya ƙone ya ƙone. Daga ranar kowa ya san abin da ke hannunsa shi ne na ƙarshe.

Abin da tsufa ya kawo wa Mugli shi ne sanyin ƙafa. Kowa a nan yana rungume da kangiri, 'yar tukunyar garwashi cikin kwando da ake sa wa a ƙarƙashin doguwar rigar ulu. Tata ta gasa mata cinyoyi har sun yi zane-zane, amma ɗumin ba ya sauka ƙasa da gwiwa. Ƙasan jirgin girki katako ɗaya ne tsakaninsa da ruwa. Ta sa safa a kan safa, ta shafa man ƙwayar mastad, duk a banza. Takan ce ƙafafun nan tun daga kaka suke mutuwa, sai bazara ake tayar da su.

Da baƙi suka dawo, ba irin na da ba ne. Na da bargo da murhun itace sun ishe su, har su ce sanyin ma daɗi ne. Na yanzu kowa da waya a hannu, yana son ruwan zafi a famfo, yana son shayi ba tare da ya kira kowa ba, kuma in ya tafi sai ya ba jirgi taurari a waya, duniya na gani. Irshad ya girma, jirgin ya koma hannunsa, kuma ba rago ba ne, a faɗi gaskiya. Ya sa tankin dafa ruwa a kowane banɗaki, ya sa hita a kowane ɗaki, da butar lantarki, da bargon lantarki a kan kowane gado. Duk wannan kaya a kan wayar da ubansa ya ja don ƙwai da rediyo, wadda ke kwance tsakanin katako tun Irshad yana goye.

Fis ya shiga ƙonewa safe da yamma. Wata safiya matar wani baƙo ta jona abin busar da gashi, mijin ya jona buta, jirgi ya yi ɗif. Mugli ta rarrafa ta gyara, suka sake jonawa, ya sake tafiya. Bayan sun tafi Irshad ya shigo jirgin girki da waya a hannu, fuska a murtuke.

"Moji, kin san abin da mutumin nan ya rubuta? Wai jirginmu kabari ne mai ado."

"Ya taɓa kwana a kabarin ne da ya san sanyinsa?"

"Ke kina wasa, ni kuma mutum biyu sun fasa zuwa tun safe."

Ya ɗauko guntun tsohuwar waya, ya feƙe robar da wuƙar yanka albasa, ya fito da jan ƙarfe mai kaurin karan ashana. Ya tsallaka ya murɗa shi cikin tangaran.

"Ubanka ya ce abin fansa ne," in ji Mugli.

"Allah ya jiƙan Baba, zamaninsa daban. Je ki duba na su Saja, ƙusa ce ma a ciki. Duk jerin nan wa ya rage da gashin kai?"

Gaskiya ya faɗa, ƙusa ce a na su Saja. Mugli kuwa, ba zan yi mata kara ba, ta ji daɗi. Daga ranar ba ta sake fita cikin ƙanƙara gyaran fis ba. Abin da ta lura da shi kawai, kyanwarsu ta sauya wurin kwana, ta koma jikin bangon bayan babban jirgi inda waya ke shiga. Mugli ta ɗora tafin hannu a wurin ta ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi.

"Irshad, bangon baya yana ɗumi."

"Na sani, Moji. Ƙanƙara na narkewa zan kawo mai gyara ya sauya wayoyin gaba ɗaya."

Ƙanƙara ta narke, baƙin bazara suka cika jirgi, ba damar ɓalle katako. Ta sake zuba, ta sake narkewa. Mugli ta riƙa shanya safarta a jikin bangon, tana bushewa da wuri.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, a tsakiyar arba'in ɗin sanyi, bakin tafki ya daskare kamar gilashi. Irshad ya shirya da matarsa Nigat da yara za su masallaci, daga can shi zai wuce ya ɗauko baƙi.

"Ango da amarya ne daga ƙasar zafi, Moji, ba su taɓa ganin ƙanƙara ba. Ki kunna musu komai tun yanzu, tankin ruwa, hita, bargo, duka. Ina so su shiga su ji kamar an rungume su."

"Wutar ba ta da ƙarfi yau."

"To ki kai kunnen ƙarshe mana. In an kira sallah kya sauke, ke za a gaya wa?"

Ta kai kunnen ƙarshe. Akwatin ya yi ta gurnani kamar wanda aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa. Ta leƙa taga ta hango Saja a gaban nata akwatin, don 'ya'yan duk sun yi aure sun watse.

"Ashe ke ma an ɗaura miki da ƙarfen," in ji Mugli.

"Bari kawai. Gorin da na yi miki ne ya biyo ni."

Mugli ta ɗauki tsintsiya ta tsallaka. Ta bi ɗaki-ɗaki tana danna makunni, ta ƙare a ɗakin farko. Irshad ya toshe tagogin da leda saboda iska, ga labule mai nauyi, ga darduma har bango. Ta share abin da babu, ta gyara matashin da ba ya bukatar gyara. Can ta cusa hannu ƙarƙashin bargon don ta ji ko ya fara aiki, kamar yadda ta saba. Ya fara. Ɗumi ne mai laushi wanda ba ya ƙuna, ba irin na garwashi ba da ke gasa gefe ɗaya ya bar ɗayan. Ta bar hannun a ciki fiye da yadda aikin yake bukata.

Ƙafafunta a lokacin ba ta jin su sam, kamar guntayen itace ta jawo daga jirgin girki. Ta tsaya tana tunani. Taja ta daɗe a ƙasa, Lassa ma haka. Baƙin ba za su iso ba sai la'asar. Ba kwanciya za ta yi ba, ƙafa kawai za ta sa, kuma da ladan ya ɗaga murya ta tashi. Ta cire rigar ulun don kada warin hayaƙi ya kama zanen gado, ta ninke ta a bakin ƙofa. Ta cire safa. Ta shimfiɗa tawul mai tsabta a kan matashi, ko da kanta zai taɓa. Sannan ta zauna a bakin gadon a hankali kamar mai tsoron ya yi ƙara, ta zura ƙafafun ciki.

Duk shekarun da ta yi tana share ɗakin nan, ba ta taɓa zama shiru a cikinsa ba, don haka ba ta san cewa in an ja ƙofa ba a jin komai na waje ba. Ba a jin ruwa, ba a jin akwati. Ɗumin ya kama yatsun ƙafa, ya hau dunduniya, ya kai gwiwa. Hawaye ya zo mata, ita kanta ba ta san na mene ne ba. Ta ɗan kishingiɗa don bayanta ma ya samu. Ladan ya kira sallah, ya sake kira, Mugli tana barci.

Saja ce ta fara gani. Ta sauke kunnen nata akwatin, ta ɗaga kai, sai ga wani siririn hayaƙi yana fita daga bayan Sabon Dawisu. Ta faɗa shikara ta fasa ƙanƙara da filafili har jirgin girki, tana kiran Mugli. Ba kowa. Akwatin yana ta kuka, allura ta manne a ƙarshen jan layi. Ta fizge wayar, ta shiga neman ƙawarta. Ta duba bayan buhunan gawayi, ta duba makewayi. Da ta rasa, sai ta ɗauka santsi ya kwashe ta daga kan katako, ta durƙusa tana laluben ruwan da ke tsakanin jiragen biyu da filafili, tana kuka. A lokacin wutar tana cikin bango ne kawai, bokiti kaɗan da gatari za su iya mata. Amma hankalin Saja yana ƙarƙashin ruwa, kuma ko a mafarki ba ta kawo cewa Mugli tana cikin ɗakin baƙi ba. Wa zai kawo?

Katakon dewdar da aka yi shekara da shekaru ana shafa wa mai ba ya jiran kowa. Kafin matan jerin su taru da bokitai, harshen wuta ya fito ta rufi. Maza duk suna sahu. Matan suka watsa abin da suka iya, sannan kowace ta tuna da nata, suka koma suna saran igiyoyi suna ture jiragensu nesa. Ban ga laifinsu ba, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saja ta sare igiyar jirgin girki ta tura shi baya. Can a bakin titi mutane sun tsaya suna ɗauka da waya.

Sai tagar ɗakin farko ta motsa. Aka yage leda daga ciki, Mugli ta leƙo tana tari, babu rigar ulu, babu safa, tana lulluɓe da farin zanen gadon baƙi. Shikara ta fi goma a kan ruwa a lokacin, kuma duk wadda ke ciki ta gani. Saja ta matsa ta jawo ta.

Da maza suka dawo, haƙarƙarin jirgi kawai suka tarar yana hayaƙi. Kafin Irshad ya sauko daga shikara an riga an gaya masa daga wace taga uwarsa ta fito. Bai yi ihu ba, bai zage ta ba. Ya tsaya yana kallon abin da kakan ubansa ya gina, sannan ya juyo.

"Moji, da gadon kike so, ai da kin faɗa."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ranar da kuma bayanta. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba wanda ya yi zancen tankunan ruwa, ko tsohuwar wayar da ke kwance cikin katako, ko mai gyaran da ake ta jiran ƙanƙara ta narke a kira shi. Abin da tafki ya riƙe shi ne tsohuwa ta hau gadon baƙi ta yi barci. Washegari Mugli tana tona toka ko za a samu wani abu, ta ci karo da tangaran ɗin fis, ya tsage biyu. Jan ƙarfen yana nan daram, ya yi baƙi amma ko lanƙwasa bai yi ba. Ta juya shi a hannu, ta dubi ɗanta can gefe yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ta sake shi cikin ruwa.

Irshad ya yi ta sintiri a ofisoshi neman izinin sake gini, har takalminsa ya gaji, amsar ɗaya ce. Yanzu yana tuƙa baƙin wasu a shikara. Suna nan a jirgin girki, an ɗaure shi a turakun da suka riƙe Sabon Dawisu, gabansa fili fetal. Akwatin ko ƙwarzane bai yi ba, yana nan a gefen murhu yana ciyar da ƙwai ɗaya. A jerin namu an cire ƙusoshi daga fis na kamar mako guda, da baƙi suka fara ƙorafi aka mayar. Abin da ya dawwama shi ne magana. In yarinya ta yi gyangyaɗi a kan aiki sai a ce tana barcin Mugli. Iyayen miji kuwa sun samu abin nuna wa amare, su kai su bakin taga su nuna musu wurin da babu komai.

Saja ta daɗe ba ta zo ba. Sai wata rana da hantsi, Nigat ta kai yara makaranta, ta tuƙo ta ɗaure shikararta ta shigo. Mugli ta zuba mata shayin gishiri, ta gutsura mata gurasa. Suka zauna kowace da kangirinta, ba gori, ba tsokana. Saja ta leƙa waje ta ga ba kowa, ta matso, ta rage murya.

"Mugli, zan tambaye ki abu, don Allah kada ki ji haushi."

"Me ya rage da zan ji haushinsa?"

"Ni ma tun ina amarya nake gyara irin gadon nan. Safe da yamma." Ta juya kofin a hannu. "Yaya yake?"

Mugli ta dubi ruwan da ke gaban taga, inda jirgin yake a da.

"Ƙafafuna sun yi ɗumi, Saja," in ji ta. "Har yatsu."

Saja ta gyaɗa kai a hankali, ta dubi nata ƙafafun cikin safa biyu. Daga can jirginta gurnanin akwati ya sirance, su biyun duka suka ji. Ta ajiye shayin ko rabi ba ta sha ba, ta ɗauki filafili.